Jawabi Ɗaya Zai Ishe Ni a Bukukuwan Yaye Ɗalibai Huɗu?

Wata ungozoma da ke aiki a Kumasi ta ƙasar Ghana, haifaffiyar unguwar Aboabo, ta aiko da wannan tambaya: "Baba Malam, ina gaisuwa. Bana an gayyace ni in yi jawabi a wuri huɗu cikin wata biyu. Akwai bikin 'yan naziri da 'yan aji shida na wata makarantar kuɗi a Sawaba, akwai yaye 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, a makarantar da na yi, akwai walimar saukar Alƙur'ani ta matan aure a makarantar unguwarmu, sai kuma yaye 'yan koyon ɗinki na wata Madam a Asawase. Ni ba mai yawan magana ba ce, ga aiki ya sha mini kai. In rubuta jawabi ɗaya mai kyau in riƙa sauya sunan makaranta kawai? In hakan ba zai yi ba, me zan faɗa wa kowanne?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara ɗaukaka. Gayyata huɗu a shekara ɗaya alama ce ta cewa unguwa ta fara nuna ki wa 'ya'yanta, don haka ki ɗauki abin da muhimmanci.

Jawabi ɗaya ba zai yi ba. Na san irin jawabin da ke fitowa idan mutum ya ce zai rubuta wanda zai shiga ko'ina, domin na sha zama a teburin manya ina jin sa tun ina hedimasta: ilimi haske ne, ku ne manyan gobe, ku bi iyaye, ku guji abokan banza. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Za a tafa, a raba lemo da ruwan leda, kafin a naɗe rumfa kowa ya manta. Ke da kanki ba kya auna wa jariri da mai jego magani da cokali ɗaya, to haka wannan ma yake. Kuma abin da ya raba taron nan huɗu ba shekarun ɗaliban ba ne kawai. Abin da ke jiran kowane rukuni a makon da zai biyo bayan biki shi ne ya raba su. Ɗan naziri zai koma ajin da ke kusa da nasa. Ɗan JHS zai zauna gida yana jiran kwamfuta ta yanke masa makaranta. Matar da ta sauke za ta koma kasuwa da tukunya, karatun ya fara zame mata in ba ta riƙe shi ba. Mai koyon ɗinki za ta farka ranar Litinin ba shagon da za ta share, ba kuma keken da yake nata. Ki gano abin da ke gaban kowannensu, ki faɗa musu gaskiya a kansa. Jawabin ke nan, sauran ado ne.

Kafin ki ɗora biro a takarda, ki kira shugaban kowace makaranta, ko ma ki leƙa da ƙafarki in da hali. Ki tambayi yawan waɗanda za a yaye, da abin da ya fi ba su wahala a wannan shekara, da kuma waɗanda za su yi magana kafin ke. Ta ƙarshen nan mutane kan raina ta. Idan liman zai yi wa'azi, shugaban taro zai yi nasa, hedimasta zai karanto rahoton shekara, ga wakilin ofishin ilimi, to duk nasihar da kowa ya sani an riga an cinye ta kafin a miƙo miki makirufo. Abin da ya rage miki shi ne wanda ke kaɗai za ki iya faɗa: na 'yar Aboabo da ta zauna a kan bencin nan, yanzu kuma take karɓar haihuwa.

Batun gaisuwa yana da nauyi a Kumasi fiye da yadda matasa ke zato. A taro ɗaya za ki iya samun wakilin Sarkin Zango, da sarakunan Mosi da Dagomba da Wangara da Zabarma da Kotokoli da Yarbawa, da limamai, da Nana, wato basaraken Asante, wanda ƙasar da aka kafa rumfar tasa ce, da ɗan majalisar unguwa, da wani daga ofishin Islamic Education Unit. Kada ki tsara jerin da kanki. Ki karɓi takardar mai gabatar da taro, ki bi yadda ya jera, saboda su suka san wa ke gaban wa, kuma rigimar da ke bayan jerin ta girme ki. Shugaban taro ya riga ya ambaci kowa ɗaya bayan ɗaya, ke sai ki kira uku ko huɗu na sama da saraututtukansu daidai, ki haɗa sauran da "iyayena sarakuna, Nananom, malamaina, iyaye mata da maza". Sallama ce farko. In hayaniya ta yi yawa a baya, "Agoo" ɗaya, kalmar neman a yi shiru a saurara, takan jawo amsar "Amee" daga kowane ɓangare, har da tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba. Harshe kuwa, ki duba kujerun baya inda iyaye mata ke zaune. Ki gaida jami'an gwamnati da Turanci in ya kama, ki jefa Twi don maƙwabta, amma maganar da kike so a tafi da ita gida ki faɗe ta da Hausar da ake ciniki da ita a Aboabo. Na ga baƙin da suka yi rabin sa'a suna zuba Turanci don su burge mutum biyar na teburin manya, alhali waɗanda suka biya kuɗin makarantar suna gyangyaɗi.

Na 'yan naziri ba zan daɗe a kansa ba, ke ma kada ki daɗe. Yaro ɗan shekara biyar cikin rigar yaye mai zafi, da hular da ke faɗo masa a ido, ba jawabi yake ji ba. Ki sa su tashi, ki sa su tafa wa kansu da malamansu, ki yi musu tambaya ɗaya da za su amsa da ihu, shi ke nan an gama da su. Sauran minti uku ko huɗu na iyaye ne. Ni dai a ra'ayina wannan biki ya fi amfanar mai hoto da mai hayar riguna, domin a tsarinmu shekara biyu na naziri da shida na firamare da uku na JHS duk karatun tushe ɗaya ne, ɗan aji shida ma babu wata jarrabawar ƙasa da ya tsallake. Amma tunda an tara miki iyaye wuri ɗaya, ki yi amfani da su. Ki yi magana a matsayinki na ma'aikaciyar lafiya: yaro ya karya kumallo kafin ya fita, ko koko da ƙosai ne, a karɓe waya a hannunsa da dare ya samu barci, a sabunta masa katin inshorar lafiya tun bai kwanta ba, wanda ke matse ido in yana kallon allo a kai shi a duba kafin a ce masa daƙiƙi, a yi masa takardar haihuwa da suna ɗaya, rubutu ɗaya, don kada a zo rajistar BECE, jarrabawar gama JHS, a tarar Abdullahi a nan, Abdulai a can. Mai makarantar zai so ki yi masa talla. Ki yabi malamai da abin da kika gani da idonki, ki tsaya nan.

'Yan JHS su ne suka fi buƙatarki, su ne kuma aka fi yi wa jawabin banza. Tun daga 1990 ake rubuta BECE, tun 2005 kuma kwamfuta ke raba yara zuwa sakandare bisa makinsu da makarantun da suka zaɓa. Kin san yadda lissafin yake: darasi shida ake haɗawa, 1 ne maki mafi kyau, 9 mafi muni, mai jimillar 6 ya kai ƙololuwa. A cikin yaran da ke gabanki kaɗan ne za su ga ƙofar manyan makarantu irin su Prempeh ko Opoku Ware ko Yaa Asantewaa ko St. Louis ko T.I. Ahmadiyya. Su ne za a kira sau uku sau huɗu su karɓi kyauta, iyayensu mata na guɗa. Waɗannan ba su da matsala da ke, ki taya su murna da jimla biyu. Ki juya ga yaron da ke layi na biyar, wanda ba a kira sunansa ko sau ɗaya ba, wanda ya riga ya yanke a ransa cewa boko ba nasa ba ne. Shi ne mai jawabin.

Abin da za ki gaya masa abu ne da zai iya riƙewa. Cewa tun Satumban 2017 babu kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati, har da makarantun koyon sana'a irin su Kumasi Technical Institute, kuma wanda ya fito da aikin lantarki ko walda a hannu ba ya bayan kowa. Cewa in kwamfuta ba ta ba shi makaranta ba akwai damar ya zaɓa da kansa cikin waɗanda ke da gurbi, in ma sakamakon ya lalace ana sake rubuta jarrabawar. Sannan ki faɗi abin da baƙi masu jawabi ke tsallakewa: watannin da ke tsakanin gama BECE da shiga sakandare su ne suka fi cin yaranmu. A nan ne namiji ke hawa pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, ya ɗanɗani kuɗin yini, ko ya bi abokai ramin galamsey, haƙar zinariya ta bayan fage, ko ya koyi caca a waya da shan tiramol. A nan ne mace ke ɗaukar tire zuwa kasuwar Kejetia, wani mai shago ya fara ba ta canjin da ya wuce kima. Ke ungozoma ce, kin karɓi haihuwar 'yar shekara 15, kin san abin da ƙugun da bai gama girma ba ke gamuwa da shi. In kika faɗi wannan da ladabi, ba tare da kin nuna kowa ba, babu limamin da zai ce kin yi rashin kunya. Ki tuna wa iyaye cewa dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun aure, kuma tun 2018 hukumar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ta ba yarinyar da ta haihu damar komawa aji. Da yawa a Zango ba su san da wannan ta biyun ba.

Iyaye ma suna da nasu kason a nan. Kyauta ce makarantar, amma akwatin ƙarfe da katifa da akwatin gari da shito, wato soyayyen yaji, da kuɗin mota ba kyauta ba ne, gara a fara tari tun yau. Kuma duk shekara sai an samu masu yawo suna cewa a ba su kuɗi su sauya wa yaro makaranta. Ki ce a je wurin hedimasta ko ofishin ilimi tukuna. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, na tura 'ya mace makarantar kwana, musamman ta mishan: salla fa, azumi fa, lulluɓi fa? Kada ki yi kamar tsoron ba shi da tushe. Ki faɗi yadda ke kika yi, ki ce a tambaya tun kafin a zaɓi makaranta ko akwai reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da malamin da ke kula da su.

In kina son ki ji yadda zai fito a baki, ga misali: "Ƙannena, ni ma a wancan ajin na zauna, wanda tagarsa ke kallon kwata. Ran da aka yaye mu ban karɓi ko fensir ba. Wanda bai ji sunansa yau ba, ya dube ni da kyau." In hakan ya faru da ke, ki faɗa. In kuwa ke ce kika kwashe kyaututtukan a shekararku, kada ki ara, domin malaman da suka koyar da ke suna zaune a wurin. Ki nemi wani abu na gaskiya ƙarami, kamar ranar da kika tafi makaranta bayan kin gama tallan waakye, wato shinkafa da wake, hannunki na ƙanshin mai, ki ba da shi cikin minti ɗaya ki wuce. Labarinki ƙofa ce kawai, kada ya zama ɗakin. Minti goma zuwa sha biyu ya isa duka jawabin.

Walima kuma wata duniya ce. Abu na farko da za ki sa a ranki: ba ke ce malamar wurin ba. Akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan buzu, za su yi wa'azi, za su ja baƙi, za a kawo allo mai zayyana kowace mai sauka ta karanta Fatiha da farkon Baƙara, a yi addu'a a shafa. In kika tashi kina jero ayoyi da hadisai don ki nuna ke ma kin sani, kin shiga gonar da ba taki ba, kuma kuskuren wasali ɗaya a gaban alarammomi ya isa a manta da duk sauran abin da kika faɗa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki ɗauki nassi ɗaya da kika tabbatar, ki karanta wa malaminku shi tun a gida ya gyara miki. Hadisin Sayyidina Usmanu da ke cikin Buhari, cewa mafi alherinku shi ne wanda ya koyi Alƙur'ani kuma ya koyar da shi, ya ishe ki. Maganar nan ta neman ilimi ko da a Sin ne, wadda baƙi masu jawabi ke so ƙwarai, ki bar ta, malaman hadisi ba su inganta ta ba, kuma za a samu wanda zai tare ki da ita a bakin ƙofa. Haka duk abin da ya shafi saɓanin Tijjaniyya da Ahlussunna, ko wane ne ya fi tsakanin mai karatu da Warshu da mai Hafsu. A rumfar nan duka suna zaune, wasu ma gida ɗaya suka fito.

To me ya rage miki? Abin da malamai maza ba su cika gani ba: farashin da matan nan suka biya. Mace mai 'ya'ya biyar da ta fara daga alif, ba, ta tana da shekara arba'in, tana zuwa bayan ta tashi daga kasuwa, goyo a baya, jikarta na yi mata dariya in ta yi tuntuɓe a harafi. Izu sittin a haka ba wasa ba ne. Ki faɗe shi dalla-dalla yadda kowace za ta ji kamar ita kike nufi. Ki gode wa mazan da suka bari, suka kuma haƙura da tuwon da ya makara, domin yabon da kika yi musu a bainar jama'a shi zai sa maƙwabcinsu ya bar tasa matar ta shiga baɗi. Ki gode wa 'ya'ya mata da abokan zama da suka riƙe gida. In kina son misali daga tarihi, ba sai kin tafi nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara mata masu koyar da mata a ƙauyuka, 'yan taru, tun kafin a san wani abu wai shi makarantar manya. A ƙasar nan kuma muna da Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga ya koyar, ya rasu a 1934, almajiransa suka bazu a zangunan ƙasar nan.

Abin da ke gabansu shi ne mantuwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa, kuma kowace makaranta ta san matan da aka yi wa walima da shanu da anko, bayan shekara biyu ba sa iya kai izu ɗaya ba gyara. Ki roƙe su abu biyu: kowace ta riƙe lokacin tilawa ko shafi biyu ne bayan asuba, kuma kada ta ɗauki sauka a matsayin sallama da makaranta, ga Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala suna jira. Ke da kike ganin mata a ɗakin haihuwa kin san yawan waɗanda ba su san hukuncin jinin biƙi da na haila ba, suna barin salla kwanakin da bai kamata ba ko suna yi a lokacin da aka ɗauke musu. Wannan magana daga bakinki ta fi ƙarfi fiye da daga bakin kowane namiji a wurin. Ki sa mayafi na kirki, ki taƙaita, minti bakwai.

Yanzu 'yan ɗinki. A nan ne 'yan boko suka fi yin ɓarna ba da niyya ba. Mutum zai tashi ya ce "ko da yake ba ku samu damar yin karatu ba, kada ku karaya", yana ganin ƙarfafa gwiwa ya yi, alhali ya zuba musu ƙasa a ido ranar farin cikinsu. Yaran nan karatu suka yi, na shekara uku ko fiye. Sun fara da shara da ɗebo ruwa da aike, suka yi wata da watanni suna taka keke a kan takardar buhun siminti kafin a yarda su taɓa yadin mutane, suka yi guga, suka yi ramin maɓalli har yatsa ya yi kanta, suka sha faɗan Madam a gaban kwastoma suka haɗiye. Rigar da kowace ke sanye da ita a ranar ita ta yanka ta ɗinka. Ki sa su tashi su juya a gani, ki ce wa jama'a ga takardar jarrabawarsu nan a jikinsu. Ki girmama Madam da kyau, da sunanta da yawan waɗanda ta yaye in kin tambaya, domin ita ce shugabar wannan jami'a, kuma sau da yawa ita ta ciyar da su ranar da gida babu.

Daga nan ki sauko kan kuɗi, ba kunya. Sabuwar tela ba rashin iya ɗinki ke kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne 'yar uwa da ta kawo yadi ta ce "za mu gani", da ƙawa da ta karɓi kaya ta ce sai wata ya mutu, da karɓar ɗinkin Salla fiye da abin da hannu biyu za su iya, har a wayi gari ranar Idi mata na tsaye a ƙofar shago suna zagi. Ki ce kowace ta sayi littafi ɗaya ta rubuta awo da ranar karɓa da abin da aka biya da abin da ya rage. Ta karɓi kafin alƙalami kafin almakashi ya taɓa yadi. Ta lissafa zare da shafi da zif da kuɗin wuta da na gawayin guga kafin ta yanke farashi. Ta raba kuɗin shago da na cefane, ko da a lambar MoMo, asusun kuɗi na waya, dabam ne, ta shiga adashi don keken zigizaga. Gwanjon da ke cika Kejetia ya fi ta araha, ba za ta iya gasa da shi a farashi ba, sai dai a ɗinkin da ya zauna a jiki da cika alkawari. Wadda ba ta da halin buɗe kiyos kada ta ji kunyar zama a yi mata biyan aiki a shagon wata na shekara guda tana tari. Ki kuma ja hankalinsu ga takardar shaida, ta ƙungiyar teloli ta ƙasa ko ta hukumar koyon sana'a ta gwamnati, domin ranar da za a ba da kwangilar ɗinkin yunifom ko wani tallafi, takarda ake tambaya. Irin wannan biki yakan ƙare da neman gudummawa, kuma baƙuwa mai jawabi ake kallo ta buɗe. Ki shirya abin da za ki iya tun daga gida, in ma ku haɗu ku uku ku sayi keke ɗaya, ya fi ki yi alkawarin da za a yi ta bin ki a kansa.

Tunda an fara kiranki, wasu ma za su zo, bari in ɗan taɓa su. In 'yan SHS ne, wato babbar sakandare, jarrabawar WASSCE ta gama makaranta ce a gabansu, kuma gaskiyar da suke buƙata ita ce makin D7, wanda bai kai kiredit ba, a Turanci ko lissafi na rufe ƙofar digiri ko da sauran duk A1 ne, amma jarrabawar Nov/Dec ta masu sake rubutawa na nan, mutane da yawa ta nan suka bi. In kanikawan Suame Magazine ne, babbar matattarar garejin gyaran mota ta Kumasi, maganar teloli ce da ɗan bambanci, sai ki ƙara cewa motocin yanzu kwamfuta ke gaya maka ciwonsu, wanda ya tsaya a sifana kaɗai zai ga aiki na wuce shi. A jami'a irin KNUST, babban taron yaye yana da tsarinsa, Otumfuo Osei Tutu na Biyu ne uban jami'ar, ba a nan za a ba ki makirufo ba. Liyafar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan unguwa ce za ta neme ki. Su kada ki yi musu daɗin baki. Shekarar bautar ƙasa na jiransu, malamai an kawo musu jarrabawar lasisi a 2018, 'yan jinya da ungozomomi kuwa ke kin fi ni sanin yadda ake zaman jiran a tura mutum aiki bayan ya ci jarrabawar majalisarsu. Ki gaya musu abin da mutum zai yi da wannan zaman jira, da yadda zai amsa wa dangin da ke ganin tunda ya sa hular nan kuɗi sun zo. In kuwa wata rana aka kai ki makarantar kurame ta Jamasi, ki ba mai fassara da hannu takardarki tun kafin taro, ki yi magana a hankali kina tsayawa, ki fuskanci ɗaliban, ki bar karin magana mai wuyar juyawa, kuma kada ki yi musu jawabin tausayi. Sana'a da aiki suke son ji, kamar kowa.

Sauran 'yan dabaru ne. Tunda kin ce ba ki saba ba, ki rubuta jawabin duka, ki karanta shi da ƙarfi a ɗaki kina duba agogo, sannan ki rage shi zuwa kalmomi kaɗan a ƙaramar takarda da manyan baƙaƙe. Jimlar farko da ta ƙarshe ki haddace su. Kada ki dogara da waya, rana na kashe fuskarta a ƙarƙashin rumfa. Yuni da Yuli damina ce a Kumasi, ga dumso, wato ɗauke wuta, don haka ki shirya yin magana ba lasifika in ta kama, ki matso kusa da ɗaliban. Ko da ɗan siyasa ne ya sayi kujerun, ki gode masa da sunan muƙaminsa, kada ki sa kaya masu launin wata jam'iyya, kada ki yabi gwamnati ko ki zage ta; ki ambaci tsarin da ke akwai yadda yake, ki wuce.

Taronmu kuma ba ya farawa a kan lokaci. An rubuta ƙarfe tara, za a fara sha ɗaya, a kira ki ana gab da kiran azahar, an fara shigo da kulolin jalof ta baya, idon kowa ya koma can. Saboda haka kowane jawabi cikin huɗun ki ja layi a ƙarƙashin sakin layi ɗaya, wanda in shi kaɗai kika faɗa kin sauke nauyi: na iyayen 'yan naziri karin kumallo da takardar haihuwa, na 'yan JHS watannin jira, na matan walima tilawa, na teloli littafin awo da kafin alƙalami. In kin ga lokaci ya ƙure, ki yi sallama, ki gaida manya, ki faɗi wannan ɗin, ki yi wa ɗaliban addu'a, ki miƙa makirufo kafin ladan ya rigaye ki. Ki gaida mutanen Aboabo.